Tambayoyinku: Me Ake Bincika a Fili Kafin a Gina Tashar Nukiliya?

Tun da aka ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom cikin wuraren da Najeriya ta ware don tashar lantarki ta nukiliya, Ghana kuma ta zaɓi Nsuban a gabar teku, tambayoyin masu karatu suke ta zagaye abu ɗaya: ta yaya ake gane cewa fili ya dace? Da yake ba a fara gini a ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba, mun ɗauko inda aka bi matakan tun daga tushe har wuta ta kama. Wurin shi ne tashar Vogtle, wadda ake furtawa Bogul, a jihar Jojiya ta Amurka, bakin kogin Sabana. A can aka ƙara tukwanen nukiliya biyu kan biyun da ke aiki, kowace sabuwa mai ba da megawat 1,100 da ɗoriya. Da ita za mu riƙa auna amsoshin.

Daga wani malamin sakandare, Lakwaja: Assalamu alaikum. Wannan binciken muhalli da ake faɗa, takarda ce da ake sa wa hannu a ofis ko akwai aikin da ake yi a fili? Wa ke yin sa, kuma yana cin wane lokaci?

Wa alaikumus salam, Malam. Bincike biyu ne ke tafiya tare, mutane kuma kan cakuɗa su. Na farko yana duba abin da wurin zai iya yi wa tashar: girgizar ƙasa, ambaliya, guguwa. Na biyu yana duba abin da tashar za ta yi wa wurin: ruwa, kifi, gonaki, iska, da mutanen da ke zaune. Awon ƙasa da ruwa da iska guda ne ke ciyar da su duka, shi ya sa idan awon ya gurɓace, duka biyun sun gurɓace.

A Amurka tushen abin wata doka ce da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1970, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su rubuta tasirin kowane babban aiki ga muhalli kafin su amince da shi. Hukumar nukiliya ta wancan lokacin ta so ta yi wa dokar riƙon sakainar kashi, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta ja mata kunne a 1971, a shari'ar tashar Calvert Cliffs.

A Vogtle, kamfanin Southern Nuclear ya miƙa buƙatarsa a Agustan 2006, haɗe da nasa rahoton muhallin. Hukumar NRC mai ba da lasisin nukiliya a Amurka ba ta ɗauki rahoton kamfani a matsayin hukunci ba. Ta je garin Waynesboro da ke kusa da tashar ta tara jama'a ta ji abin da suke so a duba, ta tura masananta fili, ta riƙa aika wa kamfanin tambayoyi a rubuce. Daftarin rahotonta ya fito a Satumban 2007, aka buɗe ƙofar ƙorafi, wadda bisa ƙa'ida ba ta gaza kwana 45. Cikakken rahoto ya biyo baya a Agustan 2008, alƙalan hukumar suka saurari masu adawa a 2009, izinin fili ya fito a Agustan shekarar. Shekara uku cur ke nan, kuma na fili ne kaɗai. Lasisin gini sai Fabrairun 2012. Tukunya ta uku ta fara sayar da wuta a Yulin 2023, ta huɗu a Afrilun 2024.

Kowane fanni a rahoton akan ba shi ɗaya daga cikin maki uku. Ƙarami shi ne tasirin da ba a ma iya ganinsa, ko bai sauya komai muhimmi ba. Matsakaici shi ne wanda ya sauya abu a fili amma bai rusa shi ba. Babba shi ne wanda ya isa ya rusa. A Vogtle yawancin fannoni sun sami ƙarami, cunkoson motocin ma'aikata a hanyar ƙauye ya sami matsakaici, harajin da ƙaramar hukumar Burke za ta samu aka kira shi babban amfani.

Abu ɗaya ya kamata Malam ya riƙe. Dokar ba ta tilasta wa hukuma ta zaɓi abin da ya fi sauƙin illa ba. Ta tilasta mata ta duba da gaske, ta kuma faɗa a bainar jama'a. A 2023 an yi wa dokar gyara, aka ƙayyade wa irin wannan rahoto shekara biyu da shafi 150, ko 300 idan aikin mai sarƙaƙiya ne ƙwarai. Rage shafuka abu ne mai yiwuwa. Wanda ke son ya auna damina biyu kuwa, dole ya jira damina biyu.

Daga wata mai sarin kifi, Idah: Mu da kogi muke ci. An ce tashar nukiliya tana shan ruwa kamar raƙumi, tana kuma dafa kifi. Gaskiya ne?

Hajiya, a nan ne mafi yawan rigimar take, don haka bari mu zauna a kai.

Tukunyar nukiliya tana dafa ruwa ne ya zama tururi, tururin ya juya injin da ke ba da wuta. Cikin zafin da take samarwa, kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke zama lantarki. Sauran biyun dole a zubar da su wani wuri. Tasha mai ba da megawat 1,000 tana neman inda za ta kai zafin megawat 2,000, dare da rana.

Hanya ta farko ita ce a ja ruwa daga teku ko babban kogi, ya ratsa bututan sanyaya, a mayar da shi. Wannan yana buƙatar lita 40,000 zuwa 50,000 a kowace daƙiƙa ga megawat 1,000, ruwan kuma yana komawa da ƙarin zafin digiri 10 ko kusa da haka. Tashar Hinkley Point C da ake ginawa a Ingila, mai tukwane biyu, za ta ja kimanin lita 120,000 a daƙiƙa, kuma an shafe shekaru ana jayayya kan kifin da za ta zuƙa. Illar iri biyu ce. Manyan kifaye ruwa yakan manna su jikin ragar bakin bututu su mutu. Ƙwai da ƙananan 'ya'yan kifi kuwa sukan wuce ta idon ragar, su shiga injin, zafi da sinadarin kulorin su gama da su. Ta biyun ta fi ɓarna, domin ba wanda ke ganin gawa, sai dai bayan wasu shekaru masunci ya ga komarsa tana fitowa da sauƙi.

Hanya ta biyu, wadda aka bi a Vogtle, ita ce hasumiyar sanyaya ruwa. Ruwan yana zagayawa, wani sashe yana tashi sama a matsayin tururi. Sabbin tukwanen biyu suna jan kimanin lita 2,350 a daƙiƙa daga kogi. Kimanin 1,750 suna tafiya sama ba dawowa, wato lita miliyan 150 a yini. Sauran 600 ana mayar da su, amma gishiri da ma'adanan da ke cikinsu sun ninka na kogin kamar sau huɗu, ga sinadaran hana gansakuka da tsatsa. An rage kisan kifi sosai, an ƙara shan ruwa. Ko wacce aka zaɓa akwai abin da aka biya.

Abin da mai bincike zai tambaya shi ne, wannan kashi nawa ne na kogin? A shekara mai matsakaicin ruwa, kogin Sabana yana gudu da kimanin lita 250,000 a daƙiƙa, abin da tashar ke shanyewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A lokacin fari, idan madatsar Thurmond da ke sama da tashar ta rage sakin ruwa zuwa kimanin lita 108,000, sai ya doshi kashi 2. Lissafin fari shi ne na gaskiya, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Faransa ta ga haka a bazarar 2022: kogunan Rhône da Garonne suka yi zafi, wasu tashoshi suka rage aiki, hukuma kuma ta sassauta wa wasu dokar zafin ruwan da suke mayarwa don kada wuta ta yi ƙaranci.

Game da kifi, ƙa'idar Amurka ga sababbin tashoshi ita ce gudun ruwa ta idon raga kada ya wuce santimita 15 a daƙiƙa, don kifi ya iya juyawa ya tsere. Kafin a zaɓi inda za a sa bakin bututu, ana jefa raga mai ƙananan ido a kogin wata bayan wata, dare da rana, sama da ƙasa, a ƙirga ƙwai da 'ya'yan kifi, a gane lokacin haihuwa da inda suke taruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi awon da rana kawai, ko a yi shi a wata ukun da hanya ke da kyau. Masu adawa da Vogtle a kan wannan suka kafa hujja, musamman kan wasu nau'o'in kifi biyu da suka yi ƙaranci a kogin. Sun nemi a yi amfani da iska zalla wajen sanyayawa, sun kuma yi ƙorafi kan yashe kogin don jiragen ruwa su kawo kaya. Alƙalan ba su ba su gaskiya ba, ganin cewa sanyayawa da iska tana da tsada tana kuma rage wutar da ake samu a lokacin zafi. Amma tambayoyin sun sa an amsa su da lissafi a gaban jama'a, manyan kayan kuma a ƙarshe ta jirgin ƙasa suka iso.

Geregu tana ƙasa da mahaɗar Kwara da Binuwai, don haka ruwa yana da yawa. Duk da haka mai bincike ba zai tsaya kan matsakaicin shekara ba. A 1985 kogin ya kusa ƙafewa ƙurmus a Yamai. Yawan ruwan rani a Ajaokuta, inda Geregu take, yana hannun masu sakin ruwa a Kainji da Jebba da Shiroro da Lagdo ta Kamaru, ga madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa. Sai kuma ciyawar ruwa. A Agustan 2025 wasu halittun teku masu yauƙi sun toshe ragar tashar Gravelines a Faransa, tukwane huɗu suka tsaya. Wanda ya san yadda kainuwa da ciyayi ke saukowa da sabon ruwa ya san dole wannan ya shiga lissafi.

Daga wani ɗalibi, Zariya: Farin hayaƙin da ke fita daga dogayen hasumiyoyin nan, shi ne gubar?

A'a, ɗanmu, tururin ruwan kogi ne, bai taɓa haɗuwa da ruwan cikin tukunya ba. Hasumiyoyin Vogtle sababbi sun kai tsayin mita 180, iska ce ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama da kanta. Abin da ake bincika a kansu shi ne 'yan ɗigon ruwa masu gishiri da ke faɗawa kan amfanin gona, da hazon da za su iya jawowa a hanya, da inuwar tururin. Iskar da ke ɗauke da burbushin nukiliya ta wata 'yar kafa daban take fita, bayan an tace ta, da na'urar awo a bakinta.

Daga wani ɗan kwangilar gine-gine, Abuja: Mun ji motsin ƙasa a Mpape a 2018. Wane irin gwajin ƙasa ake yi, kuma an taɓa ƙin fili saboda shi?

Injiniya, an taɓa, ba sau ɗaya ba. A Bodega Bay ta Kalifoniya an haƙa ramin tushe har an yi nisa, sai aka ga tsagar dutse ta ratsa ramin, ga babbar tsagar San Andreas a kusa. A 1964 aka watsar da aikin. A Nuwamban 2024 hukumar Japan ta ƙi barin tukunya ta biyu ta tashar Tsuruga ta koma aiki, saboda kamfanin ya kasa tabbatar da cewa babu tsaga mai rai a ƙarƙashinta. A wurinsu duk tsagar da ta motsa cikin shekara 120,000 zuwa 130,000 da suka wuce mai rai ce.

Ana yin binciken da'ira huɗu. A ƙa'idar Amurka, ta waje kilomita 320 ce, inda ake tattara tarihin duk girgizar da aka sani. Sai ta kilomita 40, sai ta 8, sai ta kilomita 1, inda ake huda ƙasa da rijiyoyin gwaji masu yawa, a ciro ƙasa da dutse, a aika girgiza ta cikin rami a auna saurin tafiyarta. Inda ake zargin tsaga, sai a yanka dogon rami a gicciye, a karanta jerin ƙasar kamar shafukan littafi, a ga wanne ya karye wanne bai karye ba, a auna shekarunsa.

A Vogtle girgizar da ta fi tsaya wa masu zane a rai ita ce ta birnin Charleston ta 1886, fiye da kilomita 100 daga wurin. Matsalar ita ce saman filin rairayi ne, rairayi mai jiƙe da ruwa kuma idan aka girgiza shi yakan saki ya zama kamar kunu, gini ya nutse ko ya karkace. Maganin da aka yi mai tsada ne: aka kwashe ƙasar har zurfin mita 27, aka isa wata laka mai tauri, sannan aka riƙa zuba zaɓaɓɓen rairayi kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa ana gwadawa har aka dawo sama. Kai da ka san aikin ciko ka san inda ake ha'inci, shi ya sa kowane shimfiɗi yake da takardar gwajinsa.

Ambaliya ma tana kashe tasha. Farfajiyar Vogtle tana kimanin mita 40 sama da ruwan kogi, kuma an lissafa abin da zai faru idan madatsun da ke sama suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya: ruwan bai kai farfajiyar ba. A tashar Fukushima Daiichi ta Japan akasin haka aka yi. Tudun wurin mita 35 ne, aka sassaƙe shi zuwa mita 10, don a kai ga dutse a kuma rage wahalar tura ruwan teku sama. An shirya wa igiyar ruwa ta mita 5.7. Ranar 11 ga Maris 2011 wadda ta zo ta kai mita 14 zuwa 15, ta cika ɗakunan janareto. Akwai shaidar irin wannan igiya tun shekarar 869, kwance a cikin ƙasar gonakin yankin, an kuma yi maganarta kafin abin ya faru. Tashar Onagawa, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar, an gina ta a tsayin mita 14.8, ta tsira. Tun ran gini ran zane.

Motsin Mpape da na Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 ƙanana ne, ba su isa su hana gini ba. Abin da suka nuna shi ne tarihin awonmu gajere ne, na'urorin kuma ba su da yawa. Duk filin da ake nufi da gaske, a kafa masa ƙananan na'urorin jin motsin ƙasa shekaru kafin zane. Alamar ruwan 2012 da na 2022 a bangayen Lakwaja kuma mafarin lissafi ce, domin tasha ana gina ta ne don ruwan da ba a taɓa gani ba tukuna.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kano: Yaya ake sanin abin da zai shiga jikin mutanen da ke zaune kusa?

Malama, ana farawa da iska. Ana kafa dogon ƙarfe a filin, da na'urori a tsayin mita 10 da mita 60, suna rubuta saurin iska da inda ta fito da bambancin zafi tsakanin sama da ƙasa. Wannan bambancin shi ke nuna ko iska za ta watsa abu ko za ta danne shi a ƙasa, kamar yadda hayaƙin girki ke kwanciya bisa gari da asubar hunturu. Ana son awon wata 24 a jere, kuma kada abin da ya ɓace ya wuce kashi 10 cikin 100. Batir ya mutu sati uku a tsakiyar damina, awon shekarar ya sami tawaya. A ƙasarmu, inda iska ke fitowa daga arewa maso gabas da rani ta juya kudu maso yamma da damina, awon wata shida rabin labari ne.

Sai a raba kewayen wurin gida 16 kamar yankan kankana, har nisan kilomita 80, a ƙirga mutanen kowane yanki, a yi hasashen yawansu har ƙarshen rayuwar tashar. Ƙa'idar da aka yi aiki da ita a lokacin Vogtle ta fi son wurin da bai wuce mutum 190 a murabba'in kilomita ba, cikin nisan kilomita 32.

Bayan haka ake bin hanyoyin da abu zai bi ya isa jiki: numfashi, ruwan sha, kifi, ganye, nama, nono. Nono ya fi ban tsoro idan an yi haɗari. Sinadarin aidin mai lamba 131 yana sauka kan ciyawa, saniya ta ci, yaro ya sha nonon, ya taru a maƙogwaronsa. Rabin ƙarfinsa yana ƙarewa cikin kwana 8, amma a hatsarin tashar Chernobyl ta Yukren a 1986 ta wannan hanya dubban yara suka kamu da kansar maƙogwaro, don ba a hana shan nonon da wuri ba. Shi ya sa a Amurka duk shekara ake ƙirga dabbobin tatsa da lambuna cikin kilomita 8. Wannan tsari an yi shi ne don shanun da ke zaune wuri ɗaya. A bakin Kwara, inda garken Fulani ke sauka da rani su tashi da damina, ƙirgar wata ɗaya za ta nuna fili babu saniya ko ɗaya.

A aikin yau da kullum adadin ƙarami ne. Iyakar da duniya ta amince wa mutumin gari ita ce milisibat 1 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin hasken nukiliya da jiki ya sha), ta Amurka ga tashoshi 0.25, abin da ake samu a zahiri kuma ƙasa yake da haka nesa. Abin da mutum ke samu daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, ko babu tasha, matsakaicinsa 2.4 ne. Inda ake samun matsala shi ne bututan da aka binne. A tashar Monticello ta jihar Minesota, a ƙarshen 2022, kimanin lita miliyan 1.5 na ruwa mai tiritiyom, wani sinadarin nukiliya, suka tsiyaye cikin ƙasa. Rijiyoyin sa ido ne suka tona. Don haka ake haƙa su tun kafin gini, a san inda ruwan ƙasa ya nufa da saurinsa, a kuma ɗauki awon ruwa da ƙasa da kifi da nono na shekara biyu kafin a kunna tukunya. In babu awon farko, duk abin da aka gani daga baya gardama zai zama.

Daga wani tsohon ma'aikacin ma'adinai, Agadas: Mu muka haƙo yuraniyam a Arlit. Rahoton yana tuna da inda aka haƙo, ko filin tashar kawai ya sani?

Baba, yana tunawa, amma a taƙaice. Rahoton Amurka yana da babi kan rayuwar makamashin daga rami zuwa shara, sai dai da wani jadawali na bai ɗaya ake cika shi, ba a zuwa mahaƙar da kanta. Tasha mai megawat 1,000 tana cin kimanin tan 200 na yuraniyam a shekara. Idan tan ɗaya na dutse yana ba da kilo 2 zuwa 4, kamar yadda aka saba samu a yankinku, to tan 50,000 zuwa 100,000 na dutse ake niƙawa, kusan dukansa kuma yana zama tsibi a wurin. Da aka rufe mahaƙar Cominak a Akokan a Maris 2021, ta bar kimanin tan miliyan 20 na irin wannan tsibi. A ganinmu wannan gurbi ne a tsarin: mai shan wuta yana da rahoto mai kauri, mai zama kusa da tsibin yana ƙarƙashin wata doka a wata ƙasa.

A ɗaya ƙarshen, tashar tana fitar da tan 20 zuwa 25 na sandunan da suka gama aiki duk shekara. Suna zama cikin tafkin ruwa shekara biyar ko fiye, sannan a zuba su cikin manyan randunan ƙarfe da kankare a farfajiya. Amurka ta zaɓi dutsen Yucca a 1987 don binnewa ta dindindin, har yau ba a buɗe shi ba. A 2012 kotu ta ce NRC ba ta duba abin da zai faru in ba a taɓa samun mabinna ba, hukumar ta dakatar da ba da lasisi har 2014 tana gyara. Finlan ce ta yi nisa, da raminta na Onkalo mai zurfin fiye da mita 400. Wanda aka ce za a gina tasha kusa da shi ya ɗauka cewa sharar ma maƙwabciyarsa ce na shekaru masu yawa.

Daga magatakardan wani dagaci, jihar Kogi: Idan abin ya zo garinmu, ta ina talaka zai sa baki, kuma wace magana ake saurara?

Ranka ya daɗe, a isar wa mai gari da gaisuwa. A Najeriya hukumomi uku ne abin ya shafa: NAEC mai neman a gina, NNRA mai ba da lasisin nukiliya, da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya mai riƙe da dokar binciken muhalli ta 1992. Dokar ta sa a baje rahoton inda jama'a za su gani na kwana 21 na aiki, kafin kwamitin masana ya zauna a kansa. Kwana 21 ba sa isa a karanta dubban shafuka na Turancin injiniyoyi, don haka shiri tun kafin ranar ake yin sa.

Maganar da ke tasiri ita ce mai suna da wuri da lokaci. Wanda ya rubuta cewa ba ya son nukiliya, za a amsa masa da layi ɗaya. Wanda ya rubuta cewa a gaɓa kaza kifi ke zuba ƙwai daga wata kaza zuwa wata kaza, kuma jadawalin rahoton bai nuna an yi awo a watannin ba, dole a koma fili ko a kare rashin komawar a rubuce. Sarkin ruwa ya san wannan fiye da kowane baƙon masani. Arɗo ya san burtali da mashaya. Tsofaffi sun san tsohuwar maƙabarta da iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. A rubuta duk wannan da kwanan wata, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

A duba babin wuraren da aka kwatanta. A Vogtle an auna filin da wasu uku, biyu masu tasha a kai, ɗaya daji a Alabama. Ma'aunin hukumar shi ne ko akwai wanda ya fi shi a bayyane ƙarara, ma'auni ne mai sauƙin tsallakewa ga kamfani, don haka a tambayi dalilin da ya sa aka zubar da kowane wuri. A duba hanyar manyan wayoyi, wadda mutane kan manta: ta Vogtle ta kusa kilomita 90, faɗinta kimanin mita 45, duk cikin filayen mutane. A duba lissafin baƙi, domin ma'aikatan Vogtle sun haura 9,000 a ganiyar aikin, sama da hasashen rahoton sosai, kuma kuɗin haya da layin asibiti da rijiyar gari su ke fara jin nauyin.

Sai hanyar gudu. Ana tsara kwashe mutane cikin kilomita 16 da kula da abinci da ruwa cikin kilomita 80. Tashar Shoreham ta jihar New York an gama ta a 1984 kan kusan dala biliyan 6, ba ta taɓa sayar da wuta ba, domin hukumomin yankin sun ƙi sa hannu cewa za a iya kwashe jama'a. A Dabaa ta Masar rikicin fili da diyya ya sa mazauna suka kutsa wurin a Janairun 2012, aikin ya tsaya, ginin bai fara ba sai Yulin 2022. Ku nemi a nuna muku a taswira wace hanya za ku bi a watan Satumba, wace gada ce ruwa ke shanyewa, motoci nawa ne a garin, da wanda zai ɗauki marasa lafiya da mutanen tsibiran cikin kogi.